Gwiwar Saifullahi

Bilya: Salamu alaikum. Hafsah, kina ji na?

Hafsah: Wa alaikumus salam. Ina ji, Yaya Bilya. Ina wuni?

Bilya: Lafiya lau, amaryarmu. Ya aiki? Ya masu jiki?

Hafsah: Da sauƙi. Yanzu na tashi daga aiki, ina bakin asibiti ina jiran adaidaita. Ya Jos? Kun isa lafiya?

Bilya: Alhamdu lillahi, sai sanyi. Ya Inna? Ya 'yata Ummukulsum, tarin ya tafi?

Hafsah: Ya tafi. Ina ƙaninka? Tun safe nake kiran Saifullahi, wayarsa a kashe.

Bilya: Ai a sansanin 'yan wasa karɓe wayoyi ake yi. Ke dai bari, yau mijinki ya fitar da unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi kunya. Bas muka cika muka zo, har da 'yan Unguwa Uku. Tanko mai walda da gangarsa ya taho. Kin san Zakunan Gabas ba ƙaramar ƙungiya ba ce, ko a rukuni na biyu suke. Idan suka ɗauke shi kafin a fara gasa, shi ke nan, ɗan unguwarmu ya fito.

Hafsah: Tsaya. Wasa ya buga?

Bilya: Ƙwallo ya ci ma. Ya yanke mutum biyu, ya ɗaga kai...

Hafsah: Ce min ya yi zai je ya zauna a benci, su dai ga fuskarsa, har gwiwar ta saki.

Bilya: Wa ya taɓa samun gurbi daga benci? Koci ya ce duk wanda bai buga wasan gwajin yau ba ya tattara kayansa.

Hafsah: Mutumin da ko ruku'u bai iya yi sosai ranar da zai tafi? Da wace ƙafar ya yi gudun?

Bilya: An ɗan yi masa... ra.

Hafsah: An yi masa me? Layin yana yankewa.

Bilya: Allura. Mai yi musu tausa ne ya yi masa, ta kashe zafi kawai.

Hafsah: A gabanka likitan ƙashi ya ce kada a sake soka wa gwiwar nan komai. Kana tsaye, Yaya Bilya, har kana gyaɗa kai.

Bilya: To ai shi ma da farko ƙi ya yi. Mu muka nuna masa irin tafiyar da mutane suka yi dominsa. Ya za a yi su koma Kano ba su ga komai ba? Shekarunsa tafiya suke yi, Hafsah. Idan bana ta wuce...

Hafsah: Wato ya ce a'a, kuka taru a kansa.

Bilya: Don muna sonsa ne. Tun yana buga ƙwallon tsumma a layinmu nake bin sa filin wasa.

Hafsah: Bara da aka yi masa aiki, sau ɗaya masu son nasa suka zo. Kuka kawo lemo, kuka zauna a bakin gadonsa kuna musun ƙwallon Turai har aka kore ku. Ni na riƙa ɗaga shi zuwa bayi da cikin Ummukulsum a jikina.

Bilya: Ba a haka da mu, amarya. Da kin ga yadda aka fito da shi a kafaɗa...

Hafsah: A kafaɗa don murna, ko don ya kasa takawa? Halo?

Bilya: Bayan ƙwallon ne. Ba wanda ya taɓa shi ma. Juyawa kawai ya yi, sai ya zauna. Shi ya sa na kira, ko za ki yi wa mutanenku magana a samar masa gado. Muna hanya, mun wuce Saminaka.

Hafsah: Ashe ba gaisuwa ce ta sa ka kira ba. Ƙungiyar fa, me suka ce?

Bilya: Wai ba su riga sun ɗauke shi ba, don haka ba ɗan wasansu ba ne. Amma koci ya yaba ƙwarai. Ya ce a kawo shi baɗi.

Hafsah: Baɗi. Ba ni shi.

Bilya: Yana kwance a kujerar baya. Ya juya fuska, ya ce ba zai iya jin muryarki yanzu ba.

Hafsah: To ka saurare ni. Ku miƙe ƙafar, ku sa jaka a ƙarƙashinta. Kada wanda ya ja ta, kada ku tsaya wurin mai ɗori. Ku zo kai tsaye sashen gaggawa, zan koma ciki in jira. Inna kuma kai za ka gaya mata da bakinka. Kada in ga Tanko da ganga a ƙofar asibiti.

Bilya: To, to. Amma Hafsah, an ɗauki ƙwallon a waya. Bari in turo miki ki gani, wallahi ko a talabijin ba a...

Hafsah: Ka riƙe abinka.

Bilya: Minti ɗaya ne fa kawai. Hafsah? Halo?