Bari da Ɓari

Martina: Halo? Baba?

Baba: Uwata! Kin wuni lafiya?

Martina: Lafiya lau, Baba. Ya Gwaram?

Baba: Gwaram sai godiya. Ya Birnin Kudu? Ya maigidan naki, Micah?

Martina: Yana lafiya. Yana Kano tun Litinin, wajen kwas ɗin nan.

Baba: Madalla. Ya makaranta? Ya ɗalibai?

Martina: Da godiya. Ya ƙafar taka?

Baba: Tana nan tana mulkinta. Ke, me ya sami muryarki? Mura ce?

Martina: Layin ne, Baba.

Baba: To matsa kusa da taga, aiki na kawo miki. Fasto ya yi tafiya, gobe Lahadi ni zan yi wa'azi. Kin san tun rasuwar mamanki ba ni da mai gyara mini wa'azi sai ke.

Martina: Baba, yau kam...

Baba: Minti biyu kawai. Ga tambayar: Allah ya san komai, yana da iko a kan komai. To daga ina zunubi da wahala suka fito? Kwana uku ina fama da ita, ko gona ban leƙa ba. Sai yau da safe na samo amsar. Kina ji?

Martina: Ina ji.

Baba: Akwai "ya sa", akwai "ya bari". Allah ba ya sa mugun abu, bari yake yi. Kin tuna ranar da na koya miki keke a filin firamare?

Martina: Na tuna.

Baba: Na san za ki faɗi. Ina da ƙarfin riƙe sirdin. Amma na bari. To ni na ture ki?

Martina: A'a.

Baba: Yauwa! Kin ga su dattawan nan masu gyangyaɗi, gobe sai sun...

Martina: Baba, ɓari na yi.

Baba: Shi ke nan, bari! Kin kama zancen. Dama na ce kan nan naki nawa ne.

Martina: Ba bari ba, Baba. Ɓari.

Baba: Kai, layin nan! Me zan bari?

Martina: Ciki ne da ni. Ya zube ran Laraba. Halo? Baba, kana nan?

Baba: Ina nan. Ciki, Uwata?

Martina: Wata huɗu. Kunyar gaya maka na ji. Da Mama tana nan, ita zan gaya wa, ita ta gaya maka. Sai na ce bari ya fito ka gani da idonka.

Baba: Wayyo Allah. Shekara shida kuna jira. Ni kuma ina nan ina zuba miki surutun keke. Wa ya kai ki asibiti?

Martina: Hajiya Zahara'u, maƙwabciyata. Ita ta zauna da ni har aka sallame ni. Yanzu ma tana tsakar gida tana dama mini kunu.

Baba: Allah ya saka mata. Micah fa?

Martina: Ya sani. Jarrabawarsu jibi, ni na hana shi tasowa.

Baba: Taurin kai irin na mamanki.

Martina: Wata daga cocinmu ta zo gaishe ni. Ta ce in binciki kaina, ko akwai zunubin da ban tuba ba.

Baba: Wace ce? Gaya mini sunanta!

Martina: Ba za ka ji ba.

Baba: To ki ji ni da kyau. Ba zunubinki ba ne. Kin ji ko? Ba hukunci ba ne.

Martina: To Baba, Allah ya sani kafin ya faru?

Baba: Ya sani.

Martina: Yana da ikon hanawa?

Baba: Yana da shi.

Martina: Sai ya bari. Ranar keke na faɗi, na koyi keke. Wannan fa, me zan koya? Shi ɗan da ko kuka bai yi ba, me ya koya?

Baba: Ban sani ba.

Martina: Me ka ce? Layin yana...

Baba: Layi lafiyarsa ƙalau. Na ce ban sani ba.

Martina: Kai! Tun da aka haife ni ban taɓa jin ka faɗi haka ba.

Baba: Au, dariya kike mini? Kada dai dattawan coci su ji.

Martina: Dariya da kuka duka. Baba, fushi nake da Allah. Tun Laraba na kasa addu'a.

Baba: Yi fushinki, zai iya ɗauka. Yesu ma a kan gicciye ya tambayi dalili, kuma ba a amsa masa a ranar ba. Addu'ar ki bar mini, ni zan riƙa yi mana mu biyu har ki iya.

Martina: Amma labarin keken nan, rabi ka faɗa.

Baba: Ta yaya?

Martina: Kafin in gama faɗuwa har ka iso, takalminka ɗaya ya cire a hanya. Ka goya ni har gida, kana yi wa keken faɗa. Ban tuna wani bayani da ka yi mini ba. Bayanka kawai na tuna. Halo? Ƙarar me nake ji?

Baba: Mashin ne.

Martina: Da ƙafar nan? Ina za ka?

Baba: Ina kike tsammani?

Martina: Wa'azin gobe fa?

Baba: Gerald, ɗaya daga dattawan coci, ya yi, dama ya daɗe yana so. Nawa bai nuna ba.

Martina: Haba Baba, yamma ta yi. Don Allah ka bari sai...

Baba: Kalmar nan ta ishe ni yau. Ki ce wa Hajiya ta ƙara ruwa a kunun, ga ni nan.

Martina: Baba, ka sa hular kwano! Baba? Halo?