Ba Hajara Ta Zuba Ruwa Ba

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ina gajiya, ina aiki? Daga Zakka nake rubutowa. Boko a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, a yi haƙuri da hannuna.

Saniyarmu ta haihu da bazara, sai ta rame, tana lasar ƙasa tana tauna ƙashi. Muka ce bakin mutane ne, na rataya mata laya. Nononta kuwa ya tsinke, ko man kirki ba ya fita. A kasuwar Batsari mata suka ce wa maiɗakina Hajara ta yi algus. Ta dawo da ƙwaryarta cike tana kuka. Ni ma, Allah Ya yafe mini, sai da na tambaye ta.

Da malamin dabbobi ya zo allura, ya ce yunwa ce da rashin kanwa. Muka haɗa mata kanwa da dusa da angurya. Yanzu nono ya yi kauri.

Amma Hajara ta ƙi komawa kasuwa. Jama'a, ku ba ni shawara. Saniya kanwa ta warkar da ita, mutuncin mace fa, da me ake mayar da shi?