Tabar da Sani ke riƙe wa 'yan golf

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Maigida lafiya, 'yan mata lafiya, sai babban ɗana Sani da tari ya ƙi saki.

Sani yana ɗaukar wa masu wasan golf jakar sandunan buga ƙwallo. In mutum zai buga ƙwallo, sai ya miƙa wa Sani tabar da yake sha ya riƙe. Don kada ta mutu, Sani yakan zuƙa. Haka ya koyi sha.

Na ce ya daina karɓa. Ya ce, "Inna, 'yan wasan sun ragu. Wa zan ƙi?"

Likita ya ce ƙirjinsa ya taɓu. In hana shi aikin ne? Don Allah ku amsa mini kafin Asabar, ranar zai koma fili.

Hajara, New Bell, Douala.