Kunyar Cikin Fari

A wani kemis na bakin tashar Kalgo, wani matashin makiyayi ya jingine sandarsa.

"Malam, ba ni kafso mai ja da rawaya. Wani ne ba lafiya a ruga."

"Me ke damunsa, ɗan Fulani?"

"Amai kowace safiya."

"Wannan wanin, yana ɗaura zane?"

"To... yana ɗaurawa."

"Yana kwaɗayin tsamiya?"

Makiyayin ya sunkuyar da kai.

"Ba zan ba ka ba. Likitoci sun bincika, kafson nan yana ɓata haƙoran ɗan da ke ciki. Kai ta awo asibiti."

"Ni fa ban ce matata ba ce!"

"Ni ma ban ce ba, ango. Allah ya sauke ta lafiya."

"Amin!" in ji makiyayin, da sauri.