Cikin da Na Ce Ya Kwanta

'Yan'uwa mata, ina gaishe ku da sunan Yesu, wanda ya bar ni da numfashi har na tsaya a gabanku yau. Sannunku da hanya, musamman ku na wajen Kara da Kutama da kuka sha rana.

Sunana Talatu, daga wani ƙauye kusa da Gude. Da yawanku kun san ni da ƙuli-ƙuli a kasuwar Gwarzo. Takardar nan ni na rubuta ta da hannuna. Sai da na yi furfura na shiga ajin karatu na zumuntar matan majami'a, don haka in kun ga na tsaya ina lalube, ku yi haƙuri. Mama, matar fastonmu, ta duba ta ce in rage wasu wurare saboda kunya. Ban rage ba. Kunyar ce ta kusa kai ni kabari.

Haihuwata huɗu. Maza uku na binne, babu wanda ya kai yaye. Ta farin ce kaɗai ta rayu, mace. Kun san yadda muke yi da ɗan fari, ba na kiran sunanta, ba na sake mata fuska, daga "ke" sai "waccan". Kakarta ce ma ta raine ta. Ni hankalina duk yana kan namiji.

Ina gab da hamsin al'adata ta fara wasa. Ta zo, ta yi wata uku shiru, ta leƙo, daga baya ta ɗauke. Ga kuma wani abu mai tauri a marata, in na danna ina jin shi. Na tafi wurin Iya Dije, ungozomar garinmu, wadda ta yanke wa 'ya'yana cibi duka. Ta shafa, ta danna, ta ce, "Ciki ne, Talatu. Amma ya kwanta."

Ku yaran yanzu ƙila ba ku san wannan ba. A wurinmu an yarda ciki yana kwanciya, ɗan ya yi ta barci shekara biyu, uku, har ran da Allah ya tashe shi ya ci gaba da girma. Ban ga laifin Iya Dije ba, abin da ta gada ta faɗa min. Ni ce na kama maganar da hannu biyu.

To ku ji abin kunyar. Yau ba shi ne karo na farko da na ba da shaida ba. A lokacin na tashi a majami'armu ranar Lahadi, na ce Ubangiji ya tuna da ni, ya ba ni ciki da tsufana. Aka yi guɗa, aka buga tulu. Wasunku suna nan, kun tafa min. Tun daga ranar na rufe wa kaina hanyar komawa baya.

Sai jikina ya fara abin da ban gane ba. Zafi ya taso daga ƙirji ya hau wuya har tsakiyar kai, zufa ta karyo min kamar an watsa min ruwa. Na ce wutar suya ce. Amma ko a inuwa nake zaune sai ya zo. Gari ya waye zanina sharkaf, ban yi barcin kirki ba. Gwiwa ciwo, baya ciwo. In sa gishiri a miya in manta in sake sawa. Faɗa kuwa, har kaji sun san ni. In maigida ya zo kusa da ni zafi nake ji kamar an zuba barkono. Mama, ga wurin da kika ce in cire. Na kore shi, na ce kar ya taɓa min ɗa.

Shi mutum ne mai haƙuri, Allah ya ba shi hutawa. Wata rana yana gyaran fartanya ya ce, "Talatu, jakar maƙwabcinmu fa ta haihu sau biyu tun da kika fara cikin nan."

Muciya ce a hannuna, da ita na jefe shi. Ya ci gaba da gyaran fartanyarsa.

'Yar tawa tana aure a Gwarzo. Ta zo ta same ni ina matsar mai, ta zauna ta ce, "Inna, ki zo mu je asibiti a ɗauki hoton cikin nan. In yaro ne ai za a gan shi."

Na ce, "Ke kika haife ni ko ni na haife ki?"

Ta ce, "Surukata ma ta yi wannan zafin da zufar. An ce mata girma ne, in al'ada za ta tafi haka take yi."

Na ce, "Na gane ki. Baƙin ciki kike yi kar a samu namiji ya gaji gonar ubanki."

Haka na faɗa wa 'yar da na haifa. Ta ɗauki jakarta ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

A shekara ta uku jini ya dawo. Iya Dije ta ce yaron ne yake motsi zai tashi, in yi hankali kar ya zube. Na kama shan jiƙe-jiƙe don in riƙe shi. Jinin bai tsaya ba, sai ƙaruwa, har da guda-guda. Ina wanke tsummana a bayan rumbu in shanya inda ba mai gani. Da wane baki zan ce wa matan da suka yi min guɗa abin yana lalacewa? Tafin hannuna ya yi fari fat. In na ɗauko ruwa daga rijiya sai na huta sau uku.

Wata Laraba da rana tsaka ina suya, na miƙe zan kwashe ƙuli, sai na ga duhu. An ce da na faɗi ta gaba, cikin kaskon mai zan faɗa. Allah ya sa gefe na yi.

Maigida ya aika wa 'yar. Ta zo, ba ta tuna min da komai ba, ta sa ni a mota. Daga ƙaramin asibiti aka tura mu Kano.

Likitar mace ce, yarinya da hijabinta. Ta shafa min wani abu mai sanyi a ciki, ta juyo da allon na'urar wajena ta ce, "Inna, duba da kanki. Babu kai, babu hannu, babu zuciya. Ƙari ne a mahaifa. Tauri da kike ji shi ne. Zafin da zufar kuma al'ada ce take sallama." Ta ce jinina ya kusa ƙarewa, sai an ƙara min, a yi aiki a cire mahaifar.

Aka kawo takarda in dangwala yatsa, lokacin ban iya rubutu ba. Na dunƙule hannuna na ce, "Ba wanda zai cire min ɗa."

Likita ta ce, "To Inna, ki yi tunani. Amma kar ki daɗe."

Na zauna a benci a baranda, mutane suna wucewa. 'Yar tana tsugune a gabana tana kuka. A nan na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Ba mai daɗi ba ce. Na ce, "Yesu, ka kunyata ni. Ka karɓe uku, wannan ma ka hana ni." Na yi ta faɗa masa a zuciyata har na gaji. Da na yi shiru sai wata tambaya ta faɗo min: yaushe ya ce min ciki ne? Bai taɓa faɗa ba. Ni na faɗa, na ɗauki maganata na sa a bakinsa, na tsaya a ɗakinsa na yi shaida a kai.

Na ce, "Ubangiji, ƙarya na yi da sunanka, ka gafarta min. Babu yaro. Ga hannuna."

Na koma wurin likita, na buɗe hannun aka shafa tawada. Jinin da aka fara ƙara min na 'yar ne, wadda na ce tana min baƙin ciki.

An yi aiki, an gwada ƙarin, ba ciwon daji ba ne. Yabo ga Allah! Amma kar ku ɗauka na tashi ina rawa. Na yi makoki kamar na binne na huɗu. Zafin ma sai ya ƙaru, don an cire har da ƙwayayen nan biyu na gefen mahaifa. Wata uku ban taka majami'a ba.

Da muka koma ganin likita na faɗa mata komai, har na wajen maigida. Ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai wani sinadari da jikin mace yake yi, homon ta kira shi, in ya ƙare sai a ga waɗannan abubuwan, kuma akwai ƙwaya da ke maye gurbinsa. Ta duba nonona, ta auna hawan jini, ta tambaye ni ko jini ya taɓa daskare min a ƙafa, ko akwai mai ciwon daji a danginmu. Ta ce ba kowace mace ake ba wa ba, yana da nasa haɗarin, sai ana dubawa. Na fara sha. Kafin wata biyu na san barci, zafin ya lafa, kaji suka huta. Na yi 'yan shekaru a kai ina zuwa ana duba ni, daga baya aka rage har na daina. Kar wata ta ce Talatu ta ce, ta tafi kemis ta saya. Ban ce ba.

Abin da na ce shi ne, in al'adarki ta tafi ta daɗe sannan kika ga jini, ki tafi asibiti. Ki yi addu'a a cikin mota. In zafi ya dame ki, ki buɗe baki ki faɗa. Allah bai ji kunyar halittar jikinki ba.

Ban warke duka ba. 'Yar rigar da na ɗinka wa yaron tana nan a ƙasan kwalla, na kasa bayarwa. Maganar gonar kuma, 'yata ta ce ta yafe, amma na san ta ji, kuma ba a mayar da ita ciki.

Na gode wa Yesu da bai bar ni na mutu a kan ƙaryata ba. Ku dogara gare shi, ku faɗa masa gaskiya ko da ba daɗi, zai iya ɗauka.

Saura abu ɗaya. Ran da na shiga ajin karatu malama ta ce in fara da sunana. Na ce a'a, akwai sunan da bakina bai taɓa kira ba, shi nake so. Ga shi nan a ƙarshen takarda, da manyan baƙi. Tana can baya kusa da ƙofa.

Ladi. Ladi, 'yata, tashi su gan ki.