Lamba Ta Tara da Bas Ɗin Asuba

Mai girma shugaban taro, kuma shugaban Ƙungiyar Mazauna Ladeira, Nhô Eugénio Furtado. Mai girma Fada Anselmo, wanda ya yi mini baftisma, har yau kuma bai daina ba mutane labarin ihun da na yi masa ba. Mai girma shugaban jam'iyyarmu na wannan yanki, Injiniya Vasco Meireles, wanda ya hawo tudun nan da ƙafarsa, ga shi can har yanzu yana share gumi. Iyayena mata masu kiɗan batuku, a ƙarƙashin jagorancin gwaggota Nha Domingas. Dattawan da suka ɗora bulon farko a unguwar nan. Samari da 'yan matan da kuka kewaye tukunyar kacupa, faten masara da wakenmu na gado, a can baya, kuna yi kamar jawabi ne ya kawo ku. Jama'ar Ladeira, manya da ƙanana, baƙaƙe da farare, barkanmu da wannan rana.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana shekara talatin da kafa wannan ƙungiya. Ina godiya ga waɗanda suka gina wannan zaure da aikin gayya, ranar Lahadi bayan ranar Lahadi, wani ya kawo siminti, wani ya kawo ƙarfinsa, wani kuma, kamar yadda muka sani, ya kawo baki kawai, amma shi ma ya ci abinci. Ina godiya ga matan da suka jiƙa masara da wake tun jiya. Ina kuma godiya da kuka ba ni wannan dama, ni Arlinda Varela, 'yar Nha Bia, wadda kuka tura majalisar ƙaramar hukuma shekara uku da suka wuce.

An ce in yi magana a kan shugabancin baƙar fata a wannan zamani. Babban batu ne, malaman jami'a suna cika littattafai da shi. Ni kuwa zan kawo shi ƙasa, in ajiye shi a tashar bas ɗinmu. Duk kun ji cewa ranar Talata majalisa za ta kaɗa ƙuri'a a kan bas ɗin ƙarfe biyar saura kwata, bas ɗin asuba, wanda ke kwasar matan unguwar nan zuwa cikin Lisbon su share ofisoshi kafin masu ofisoshin su farka. Ana so a soke shi, bas na farko ya koma ƙarfe shida da rabi. Jam'iyyata ce ta kawo ƙudurin, kuma ƙuri'a ɗaya ce tsakanin masu so da masu ƙi. Ƙuri'ar kuwa tawa ce. Kafin in sauka daga nan zan gaya muku inda hannuna zai faɗi, amma ku bar ni in bi ta hanya.

Abu na farko shi ne yadda na samu kujerar. Ni a asibitin haihuwa na Lisbon aka haife ni, a nan na yi rarrafe, a nan na yi makaranta, Cabo Verde kuwa, tsibiran da iyayenmu suka baro, sau biyu kacal na taɓa zuwa, a duka biyun ma sai da jirgin ruwa ya juya mini ciki. Amma har gobe sai in shiga ofis a dube ni a ce, "Kai, kin iya Fotugis sosai! A ina kika koya?" In ce, "A bayan uwata, ranka ya daɗe. Kai fa?" Wannan duk mun saba da shi, mun mayar da shi abin dariya, domin in ba mu yi dariya ba hawan jini zai gama da mu.

To, da zaɓe ya matso, sai ga Injiniya Vasco har gida. Ya ce, "Dakta Arlinda, jam'iyya tana buƙatarki." Kun san ƙasar nan, kowa ya gama jami'a Dakta ne, ko da bai taɓa riƙe allura ba. Ni kuwa kaina ya kumbura. Aka ɗauke ni hoto, aka manna fuskata a kowace fitilar titi daga nan har tashar jirgin ƙasa. A fosta ni ce a tsakiya, kusa da ɗan takarar shugaban ƙaramar hukuma, haƙorana duk a waje. Da aka fito da jerin sunayen 'yan takara kuwa, sai na sa yatsa ina nema, ina gangarawa, ina gangarawa, har na iske kaina a lamba ta tara. Kun san daga saman jerin ake raba kujerun da jam'iyya ta ci, bi da bi, jam'iyyar nan kuwa tunda aka kafa ta ba ta taɓa cin kujera fiye da bakwai a majalisarmu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Injiniya, kada ka sunkuyar da kai, ba kai ka ƙirƙiro wannan dabara ba, duk jam'iyyun ƙasar nan haka suke yi mana.

Jama'a, wariyar launin fata ta zamanin nan ba kullum take zuwa da zagi ba. Tana zuwa da murmushi, tana zuwa da yabo, tana cin kacuparmu ta nemi ƙari, tana rawa da kiɗanmu har ta fi mu juyi, sannan in an zo rabon kujeru ta ajiye mu inda ta tabbata rabon ba zai kai ba.

Abin da ba su lissafa da shi ba shi ne Nha Domingas. Ita ce ta duba takardar ta ce, "Tara? To ai ba sama ba ce da za a ce ba a kai mata." Wata uku ta mayar da bas ɗin asuba ofishinta. Kowace safiya tana bin kujeru tana tambaya, "Ke, kin yi rajista? Mijinki fa? Ɗanki da ke kwana har azahar fa?" Direban, Senhor Abílio, ya ce mata, "Dona Domingas, motata ce ko majalisa?" Ta ce, "Kai dai riƙe sitiyarinka, Abílio, kai ma ina zuwa kanka." Ranar zaɓe mata suka gangara da kayan coci, kamar masu zuwa ɗaurin aure. Aka ƙirga, jam'iyya ta ci kujera tara cif. Da Injiniya ya kira ni yana taya ni murna, muryarsa irin ta wanda ya ba da aron riga ne aka ƙi mayar masa da ita.

Abu na biyu shi ne laifina, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na shiga majalisa, aka ba ni kujera mai laushi da kwalbar ruwa da sunana a rubuce. Mai gadin da ranar farko ya nuna mini ƙofar masu shara, sai ga shi yana buɗe mini babbar ƙofa yana cewa Dakta. Na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi ƙwarai. Na sayi 'yar mota. Na koyi maganar majalisa, irin wadda za ka yi minti goma kana yi ba ka ce komai ba. A watan jiya aka kawo wa kwamitinmu wani kundi mai shafi sittin, sunansa Daidaita Jadawalin Zirga-zirga. Na karanta shafin farko, na karanta na ƙarshe, na ga kowa yana sa hannu, ni ma na sa. Soke bas ɗin asuba yana shafi na arba'in da ɗaya, a layi na uku daga ƙasa.

Ba ɗan jarida ne ya tona ni ba, ba kuma 'yan adawa ba. Ranar Lahadi bayan coci na tsayar da motata na ce, "Gwaggo, shigo in kai ki gida." Ta dube ni, ta dubi motar, ta ce, "A'a, Dakta, bari in taka, gara in fara sabawa. Ai an ce ke kika sa hannu mu riƙa gangarawa tashar jirgi da ƙafa." Na ce, "Ni? Yaushe?" Ta ce, "Au, ba ki ma sani ba? Mu da ba mu yi boko ba mun san abin da ke cikin takardar, domin Zulmira ce ke share ofishin da aka buga ta. Ke da muka tura ki karanta mana, ashe hoto kika je ɗauka." Ta juya ta tafi abinta, ta bar ni da ƙofar mota a buɗe. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba, kuma na cancanci kowace kalma.

Wannan ne darasin da nake so duk baƙin da ya hau wata kujera a ƙasar nan ya riƙe. Kasancewarka baƙi ba aiki ba ne, fatar ba kai ka yi wa kanka ba. Aikin shi ne ka karanta shafi na arba'in da ɗaya. Aikin shi ne ka san ƙarfe nawa mutanenka ke tashi, ka san minti arba'in ne daga tudun nan zuwa tashar jirgi, a cikin ruwan sama, ga mace mai shekara sittin da ciwon gwiwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in mai ɗakin ya tare a ofis, shi ma sai an ba shi labari. Shugaban da fuskarsa kawai ta yi kama da tamu ya fi wanda bai san mu ba haɗari, domin da shi za a rufe mana baki a ce, ai ga naku can a ciki, shi ma ya amince.

Abu na uku naku ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku samarin da ke bayan can, na ji kuna cewa siyasa ta farare ce, duk ɗaya suke. To, iyayenku mata da tsintsiya a hannu sun motsa jam'iyya daga bakwai zuwa tara, ku da waya a hannu me kuka motsa? Kuma kada wanda ya fita daga nan ya ce wannan faɗan baƙi da fari ne. Ku leƙa bas ɗin asuba ku gani. Dona Graça, Baturiyar nan da ta zo daga karkarar Alentejo, tana ciki, shekara ashirin kujerarta ɗaya. Oksana mai share asibiti, ita ma fara ce, tana ciki. Barci ɗaya suke yi a kafaɗar juna, burodi ɗaya suke gutsura. An raina bas ɗin ne domin an san yawancin masu hawansa mu ne, amma in aka soke shi, da mu da su za mu taka. Saboda haka duk wanda ya tsaya mana dole ya tsaya musu.

Yanzu sai abu na ƙarshe, kuma Injiniya, ka yi haƙuri, zan faɗi maganar da muka yi, domin ba ta ɓarna ba ce, siyasa ce, kuma waɗannan mutane su ne masu kujerar. Ranar Alhamis ya gayyace ni shan kofi, har da kek. Ya ce, "Arlinda, ke 'yar gida ce. Ba mu ce ki ɗaga hannu ki amince ba. Ranar Talata ki yi ciwon kai kawai, mataimakinki ya zauna a madadinki, shi ya ɗaga mana hannun. Zaɓe mai zuwa kuwa lamba ta uku taki ce." Jama'a, lamba ta uku! Mai lamba ta uku ko barci ya yi ranar zaɓe ya ci. Mai lamba ta uku shi ake ba ofis da sakatare. Babu wani baƙi da ya taɓa hawa can a yankin nan, kuma wallahi raina ya biya. Kwana biyu ina gaya wa kaina cewa in na hau can zan yi muku abin da ya fi bas ɗaya. Daga baya na tambayi kaina, wadda ta yi ciwon kai don ta samu kujera, ranar da aka ce ta yi ciwon ciki don ta riƙe kujerar fa?

Injiniya, na gode da kofi. Amma ina sanar da kai a gaban Fada da dattawa cewa lafiyata ƙalau. Ranar Talata zan zo da kaina, zan janye sa hannun da na yi cikin rashin sani, zan faɗa a fili cewa ban karanta ba, sannan in ɗaga hannu in ƙi. Na san abin da zai biyo baya. Wataƙila wannan ne zangona na farko kuma na ƙarshe a majalisa, kuma zan yi kewar wurin, domin na so aikin nan da gaske. Ba na gaba da kai, ba na kuma barin jam'iyya sai in ita ta bar ni. Ina ma gayyatarka ka canza ra'ayi kafin Talata, akwai sauran kwana biyu, kuma ka ga da ƙafarka yadda tudun nan yake.

Ku kuwa iyayena mata, zaman zai fara ƙarfe uku na rana, daidai lokacin da kuke ɗan runtsawa tsakanin aikin safe da na yamma. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Amma akwai kujeru tamanin na jama'a a zauren majalisa, kuma shekara uku ina kallonsu babu kowa a kai. Ku zo da rigunan aikinku, kada ku canza. Ku kuka goge kujerun nan shekara da shekaru, ranar Talata ku zo ku zauna a kansu.

Allah ya albarkaci wannan ƙungiya, ya ƙara mata wasu shekaru talatin. Allah ya jiƙan waɗanda suka gina unguwar nan ba su ga wannan rana ba, har da mahaifiyata. Allah ya ƙara wa gwiwoyin iyayenmu ƙarfi, ya ba 'ya'yanmu ƙasar da ba za a tambaye su daga ina suke ba. Allah ya ba shugabanninmu, baƙi da fari, kunnen ji da idon karatu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya kuma kai mu Talata da rai da lafiya.

Na gode.