Jerin Ranar Litinin

Assalamu alaikum. Shugaban wannan zama, wakilin magajin garin Dakoro, wakilin mai martaba, malamanmu, Mushe Darekta mai jagorantar aikinmu, iyayenmu mata da suka taso tun daga Sabon Maci da Mai Yara, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku.

Na gode da aka ba ni dama in faɗi ƙauyuka nawa muka kai wa irin wake da gero bana. Ku gafarce ni, ba shi zan faɗa ba.

Sunana Attaher, mutumin Iferwan. Shekara tara ina riƙe da baburan wannan furoje na tallafin noma, ni nake rubuta jerin masu fita: babur ɗaya, mutum biyu, namiji na tuƙi, mace a baya, domin ita ke shiga gidaje ta yi wa mata bayani.

Mako uku ke nan, a hanyar Ɗan Gulbi, wani direbanmu ya kashe babur tsakiyar gonaki, ya yi wa abokiyar aikinsa fyaɗe. Da ƙafa ta dawo. Ta yarda in yi magana, ba ta yarda in ambaci sunanta ba, kuma ba zan ambata ba.

Na farko, laifina. Sau biyu ta same ni ta ce, "Baba Attaher, don Allah ka canja mini direba." Na ce, "Haba ɗiyata, in na canja miki, kowa ma sai ya zo." Ban tambaye ta dalili ba. Hannun nan ne ya haɗa sunanta da nasa.

Na biyu, biro, wato ofishinmu. Gaskiya ɗaya ce, Mushe Darekta, da motarka ka kai ta asibiti, na gani da idona. Amma kashegari me aka yi? Aka tara dattawa, mutumin ya yi kuka ya ce sharrin Shaiɗan ne, ita kuma aka ce ta yi haƙuri kada masu ba mu tallafi su ji. Ba wanda ya tambaye ta ko tana son zuwa wurin jandarma. Ba wanda ya ce zai raka ta. Jama'a, in madubin babur ya fashe, takarda shafi uku nake cikawa. Ita, ko layi ɗaya ba a rubuta ba.

Na uku, jiya aka ce in fitar da jerin Litinin yadda yake. Na ce, "Mushe, har da shi?" Aka ce, "An sasanta, Attaher. Kana da wani da ya san hanyar?" In ta ƙi hawa, ta bar aiki ke nan. In ta hau, a cikin rairayin nan dole ta riƙe rigarsa kada ta faɗi. Wa ya sasanta wannan? Da wa aka sasanta?

Mu muka aike ta, mu muka zaɓa mata abokin tafiya, mu muka zaɓa mata hanya. Ba za mu ce abin da ya same ta a hanyar nata ne ita kaɗai ba. Ban ce a hukunta shi a nan ba, wannan aikin alƙali ne. Na ce a dakatar da shi har shari'a ta yi magana. A ba ta hutu, a ajiye mata aikinta. In ta zaɓi kai ƙara, mutumin biro ya taka mata. Kuma daga yau, in mace ta ce ba ta hawa bayan wane, a ji.

Ga mabuɗan babura shida, na ajiye su gaban shugaba. Na san kwantaragina na ƙarewa wata mai zuwa, na san nisan Iferwan in aka sallame ni. Wanda zai rubuta jerin nan, ya zo ya ɗauka a gaban iyayen nan mata.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya bi mata hakkinta, Ya yafe mini tambayar da ban yi ba. Waɗanda suka zo daga nesa, Allah Ya mai da ku gida cikin aminci, a bayan wanda kuka amince da shi.

Na gode da kuka saurare ni.